An kira da lambar 'yan sanda ana neman kuɗi: yaya ake gane kiran ƙarya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani ya kira mahaifiyata ya ce shi jami'in 'yan sanda ne, wai an yi amfani da asusunta na banki wajen wucewa da kuɗin haram, kuma za a kama ta in ba ta ba da haɗin kai ba. Ya faɗi cikakken sunanta da adireshinta, kuma da muka duba lambar da ta fito a wayar sai muka ga ta ofishin 'yan sanda ce da gaske. Ni ma ina yawan samun imel da sunan hukumar haraji. Ta yaya ake bambance na gaskiya da na damfara, kuma me za a yi in an riga an ba su wani abu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kiyaye gaba, ya kwantar wa Mama da hankali. Wanda ya kira ta ɗan damfara ne. Abubuwa biyun da suka sa ku kokwanto, wato lambar da kuma sanin sunanta, ko ɗaya bai isa hujja ba, kuma daga nan ya kamata a fara domin a kansu ne yawancin mutane ke faɗawa.

Lambar da ke fitowa a fuskar waya, mai kira ne ke aiko da ita tare da kiran. An gina tsarin waya ne tun lokacin da kamfanonin sadarwa kaɗan ne kuma sun yarda da juna, don haka ba a tanadi hanyar tantance wannan lamba ba. Yanzu da ake kira ta intanet, mutum na iya zama a kowace ƙasa ya rubuta lambar da ya ga dama a manhajarsa, ita ce kuma za ta bayyana a wayar wanda ya kira. Wasu ma da kansu suke cewa, “Duba lambar nan a intanet ki gani ko ba ta ofishinmu ba ce,” domin sun san abin da za a tarar. A Amurka an tilasta wa manyan kamfanonin waya amfani da wani tsarin tantancewa mai suna STIR/SHAKEN daga watan Yunin 2021, ya kuma rage abin, amma kiran da ya biyo ta tsofaffin layuka ko ya taso daga wata ƙasa yakan kuɓuce masa. Saƙon tes ma haka yake. Sunan banki ko na hukuma da ke saman saƙon rubutu ne kawai da mai aikawa ya zaɓa, wayar kuma tana tara saƙonni ne bisa suna, shi ya sa na ƙarya ke faɗawa ƙarƙashin na gaskiya a jeri guda, mutum ya ga kamar daga wuri ɗaya suka fito.

Sanin suna da adireshi kuwa ya fi wannan sauƙi. Ana sace bayanan mutane daga kamfanoni ana sayarwa da yawa. Kutsen da aka yi wa kamfanin Equifax na Amurka, mai tara bayanan bashin mutane, a 2017 kaɗai ya shafi mutum wajen miliyan 147. Ban da wannan akwai abin da mutane ke wallafawa da hannunsu a Facebook, da fom ɗin neman aiki ko tallafi na bogi da ake cikewa ba tare da tunani ba. Mai kira zai iya sanin ranar haihuwa, sunan banki, har lambobi huɗu na ƙarshen katin ATM. Abin da ya rasa shi ne ɗan ragowar da zai buɗe masa ƙofa, kuma shi ya kira nema.

Tun da lamba da suna da murya da tambari duk ana iya ƙirƙirarsu, ƙoƙarin gane ko wane ne ke magana ɓata lokaci ne yayin da kake kan layi. Abin dubawa shi ne me yake so ka yi. A nan kayan da ya sa ba sa rufe shi, domin komai daɗin labarin, dole ya ƙare a ɗaya daga cikin 'yan buƙatu kaɗan.

Ta farko kuɗi, ta hanyar da ba a iya dawo da su. Katin kyauta na Apple ko Google Play da za a ce ka saya ka karanto lambobin bayansa, ko Bitcoin da makamantansa, ko tura kuɗi zuwa asusun wani mutum, ko ka ciro tsaba a banki a aiko wani ya karɓa. A farkon 2024 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi gargaɗi kan masu sa tsofaffi su sayi zinari su miƙa wa ɗan aike da sunan za a adana musu. Babu hukumar haraji ko kotu ko 'yan sanda da ke karɓar tara ta katin kyauta. Mafi haɗari a cikin wannan rukuni shi ne zancen “asusu mai aminci”: a ce maka ɓarayi sun shiga asusunka, ko ana zargin wani ma'aikacin bankin, don haka ka kwashe kuɗinka zuwa wani asusu da aka buɗe maka. Banki in ya ga matsala toshe asusun yake yi daga ɓangarensa, ba ya bukatar ka matsar da ko kwabo. Illar wannan salon ita ce kai ka tura da hannunka, da wayarka, da lambar sirrinka, don haka na'urorin banki ba sa ganin alamar kutse.

Ta biyu lambobi: lambar sirri ta kati, kalmar sirri, da lambar OTP da ke zuwa ta tes. Ya kamata a fahimci abin da ke faruwa a daidai lokacin. Ɗan damfarar yana zaune gaban kwamfuta yana ƙoƙarin shiga asusunka ko sayen wani abu da katinka, bankin ya aiko maka da lamba don ya tabbatar kai ne, shi kuma ya riga ya ce maka, “Zan turo maka wata lamba yanzu don mu soke cinikin.” Da ta shigo sai ka ga maganarsa ta tabbata. Da za a tsaya a karanta saƙon har ƙarshe, yawanci yana faɗin abin da lambar za ta yi da adadin kuɗin, yana kuma cewa kada a faɗa wa kowa. Ba a soke ciniki da OTP, amincewa da shi ake yi. Lambobi shida da WhatsApp ke aikowa ma haka: duk wanda ka karanta wa su ya ɗauke maka akawun, daga nan ya shiga bin 'yan'uwanka da sunanka.

Ta uku a sa ka ɗora wata manhaja. AnyDesk da TeamViewer halastattu ne, ma'aikatan gyaran kwamfuta na amfani da su, amma da zarar ka karanta lambar da suka nuna ka taɓa amincewa, mutumin na ganin fuskar na'urarka, sau da yawa ma yana sarrafa ta. A wayar Android kuma akan turo fayil mai ƙarewa da .apk ta WhatsApp da sunan takardar sammaci ko manhajar hukuma. In ka ɗora ta ka ba ta izinin karanta saƙonni, lambobin OTP za su riƙa tafiya wurinsu ba tare da sun sake kiranka ba. Akwai kuma wata dabara da ba a cika sani ba: a ce ka danna wasu lambobi masu farawa da *21* ko **21* sannan wata lambar waya, a rufe da #. Wannan umarnin karkatar da kira ne, duk kiran da aka yi maka zai koma can, har da wanda banki ke karanto lamba a cikinsa. A yawancin layuka *#21# na nuna ko an karkatar, ##002# kuma na soke duk wani karkatarwa.

Sauran abin da ke cikin kiran, aikinsa ɗaya ne: ya hana ka tunani har a kai ga buƙatar. Ana farawa da tsoro, kamu ko rufe asusu ko kora daga ƙasa ga baƙi da ɗalibai. Sai a ɗora gaggawa, a ce cikin awa ɗaya ko biyu. Sai sirri: bincike ne, kada ka faɗa wa iyalinka, in ma'aikacin banki ya tambaye ka dalilin cire kuɗin ka ce gini kake yi. Jami'in gaskiya ba ya koya wa mutum ƙaryar da zai yi wa bankinsa, wannan kaɗai ya isa a ajiye waya. Sannan ba sa yarda a katse. Sukan riƙe mutum awanni, suna miƙa shi daga “jami'i” zuwa “babban jami'i” zuwa “lauyan gwamnati”, duk a ɗaki guda suke. FBI ta bayyana wani salo a 2023 mai hawa uku: na farko ya zo a matsayin ma'aikacin kamfanin kwamfuta, na biyu na banki, na uku na gwamnati, kowanne na gaskata wanda ya gabace shi. A Indiya abin ya kai ga kiran bidiyo, mutum sanye da kayan sarki a ɗakin da aka shirya kamar ofishin 'yan sanda, ya ce an kama wani ƙunshi mai ɗauke da ƙwaya da sunanka, kuma kana tsare ta intanet, kada ka kashe kyamara. Har Firaminista Narendra Modi ya fito a watan Oktoban 2024 ya ce babu wani abu mai kama da wannan a dokar ƙasar. A Jamus kuma an sha fama a 2022 da kiran da murya naɗaɗɗiya ke cewa daga Europol ne, wato hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, alhali Europol ba ta da ikon kama kowa, haka ma Interpol, 'yan sandan ƙasashe ne ke kamu.

Kada a ɗauka wasu 'yan tsiraru ne ke gwada sa'a. A 2016 ma'aikatar shari'ar Amurka ta gurfanar da mutane da dama kan wasu cibiyoyin kira a birnin Ahmedabad na Indiya da ke kiran Amurkawa da sunan hukumar haraji ta IRS da ta shige da fice. Ma'aikata ne da rubutaccen jawabi a gabansu, da amsar kowace tambaya da za ka yi. Shi ya sa ba na ba da shawarar a tsaya ana yi musu tambayoyin ƙure. Za su ba ka lambar aiki, lambar ƙara, sunan shugabansu, duk a shirye. Kai yau ka fara, su kuwa sana'arsu ce.

Abin yi gajere ne. Ka katse. Ba sai ka ba da uzuri ba, kuma babu dokar da ke hukunta wanda ya ajiye waya don ya tabbatar da mai kiransa. Sannan ka nemi hukumar da kanka ta lambar da ka samo da kanka: ta bayan katin banki, ta kan wata tsohuwar takarda da ka tabbatar daga wurinsu take, ko ka taka zuwa ofishin. Kada ka kira lambar da mai kiran ya ba ka, ko wadda ke cikin saƙon, kada kuma ka danna maimaita kira. Neman lamba a Google ma sai da lura, domin sakamakon farko sau da yawa talla ne da aka biya, 'yan damfara kuma na sayen tallan su sa lambarsu, ka ga an gudu ba a tsira ba. In wayar tebur ce ta gida, a wasu tsofaffin layuka kiran ba ya yankewa nan take in wanda ya kira bai ajiye ba, har sukan kunna sautin layi na ƙarya. A yi amfani da wata wayar, ko a fara kiran wani da aka san muryarsa. A Birtaniya an samar da lamba 159 tun 2021 wadda ke haɗa mutum kai tsaye da bankinsa saboda irin wannan yanayi. Kafin duk wannan ma, a faɗa wa mutum ɗaya a gida. Labarin da ya yi kama da gaskiya a kunnen wanda aka tsorata, da wuya ya wuce kunnen wanda ke gefe.

Game da imel ɗin da kake samu. Sunan da ke bayyana, kamar “Hukumar Haraji”, kowa na iya rubuta shi. Taɓa sunan ka ga cikakken adireshin, ka duba abin da ke bayan alamar @. Hukuma ba ta aiko da sanarwa daga gmail.com ko outlook.com. Ka kuma duba inda amsa za ta tafi in ka danna maidawa, domin wani lokaci adireshin aikowa daban, na karɓar amsa daban. A Gmail ta kwamfuta, ɗigo ukun da ke gefen saƙo na da zaɓin nuna asalinsa, inda za ka ga sakamakon gwaji uku, SPF da DKIM da DMARC. In sun faɗi, alama ce mai ƙarfi ta jabu. In sun wuce kuwa, abin da suka tabbatar kawai shi ne saƙon ya fito daga adireshin da aka rubuta, kuma ɗan damfarar da ya yi rajistar adireshi mai kama da na hukuma shi ma zai wuce.

Don haka karanta adireshin shafi shi ne ƙwarewar da ta fi amfani, kuma minti biyu ya isa a koye ta. A kwamfuta ɗora kibiyar linzami a kan linkin ba tare da dannawa ba, a waya kuma danna ka riƙe har ya nuna. Ka tsallake https:// ɗin farko, ka nemi alamar / ta farko bayansa, sannan ka karanta daga nan zuwa hagu. Abin da ke manne da wannan alamar shi ne mai shafin. Adireshi kamar irs.gov/refunds na IRS ne, amma irs.gov.karbi-kudinka.com/refunds na wanda ya mallaki karbi-kudinka.com ne, irs.gov ɗin da ke gaba ado ne kawai. Haka gov.uk: dole ya zo daf da alamar, in ya zo a tsakiya ko da jan layi kamar gov-uk, ba shi ba ne. Akwai kuma wasa da haruffa: r da n a haɗe suna kama da m, lamba 1 a madadin l, ko harafin Rashanci mai kama da a. Hoton kwaɗo da https ba sa nufin shafin na gaskiya ne, suna nufin hanyar da ke tsakaninka da shi a rufe take, ko da shafin na ɓarawo ne. Saboda wannan ruɗanin ne ma Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet ta Google, ya cire hoton kwaɗon a 2023. Wanda duk wannan ya yi masa yawa, ya bar linkin gaba ɗaya, ya rubuta adireshin hukumar da hannunsa ko ya shiga ta manhajarta. In da gaske akwai bashi ko sanarwa, zai tarar da ita a can.

A da ana cewa a lura da kurakuran rubutu. Yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira na rubuta musu wasiƙa tsaf a kowane harshe, har murya suna kwaikwaya daga ɗan gajeren sauti, don haka tsabtar rubutu ba ta wanke saƙo. Fayilolin da ake maƙalawa kuma, masu ƙarewa da .zip, .html, .exe ko .iso, kada a buɗe. PDF mai ɗauke da lambar QR shi ma linki ne aka ɓoye a hoto don ya wuce matatar imel, ya kuma kai ka kan waya inda adireshi ba ya fitowa duka. Ba kullum da tsoro suke zuwa ba, wani lokaci da albishir ne, wai an cire maka haraji fiye da kima ga ragowar. Hukumar haraji ta Birtaniya, HMRC, ta ce ba ta sanar da irin wannan ta imel, IRS kuma ta ce yawanci da wasiƙar gidan waya take fara tuntuɓar mutum.

In an riga an ba da wani abu, mintuna ne ke aiki, domin kuɗin ba ya zama a asusun farko; ana rarraba shi cikin asusun wasu da aka ɗauka haya, a cire. A kira banki nan take ta lambar bayan kati, a ce damfara ce, a nemi toshe kati da asusu, a kuma nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin ya je. A faɗi gaskiyar yadda aka yi, har da cewa da hannu aka tura, domin matakin da za su ɗauka ya danganta da wannan. In katin kyauta ne, a riƙe katin da rasit a kira kamfanin, wani lokaci ba a riga an kwashe ba. In an ɗora manhaja, a kashe data da Wi-Fi tukuna, a cire ta, sannan a canza kalmomin sirri daga wata na'urar daban, a fara da na imel domin ta nan ake sake saita sauran. Wayar da aka ɗora wa .apk gara a kwashe hotuna a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. In WhatsApp aka ɗauke, a sake rajista da lambar, sababbin lambobi shidan da za a aiko za su fitar da su. In sun sa lambar mataki na biyu, wato ƙarin lambar sirri da ake kulle akawun da ita, sai an jira kwana 7. Layin da ya ɗauke sabis haka kawai bayan irin wannan kira na iya nufin an sauya sim ɗin zuwa hannunsu, a garzaya kamfanin layin.

Kada a goge komai. Hoton saƙonni, lokacin kira, lambar asusun da aka tura wa da lambar shaidar ciniki su ne abin da banki da 'yan sanda za su nema. Inda ake kai rahoto ya danganta da ƙasa: a Amurka ReportFraud.ftc.gov da ic3.gov, a Indiya lamba 1930, a Birtaniya ana tura imel ɗin zamba zuwa report@phishing.gov.uk, saƙon tes kuma zuwa 7726, lambar da ke aiki a Amurka da Kanada ma. Dawo da kuɗi ba tabbas ba ne, dokoki kuma sun bambanta. Birtaniya ta wajabta wa bankuna biyan mafi yawan waɗanda aka yaudara suka tura da kansu, har zuwa fam 85,000, daga 7 ga Oktoban 2024, amma ƙasashe da yawa ba su da irin wannan tanadi.

A kuma sa ran kira na biyu. Sunan wanda ya taɓa biya, ko ma ya tsaya ya saurara, yana shiga jerin da ake sayarwa, bayan 'yan makonni sai wani ya bullo a matsayin lauya ko jami'in da ya kama ɓarayin, ya ce an gano kuɗin, saura a biya kuɗin aiki a saki. Ga mari ga tsinka jaka. Hukuma ba ta karɓar kuɗi kafin ta mayar wa mutum abinsa.

Ita Mama, kada a yi mata faɗa ko dariya, domin kunya ce ke sa mutane ɓoye kira na gaba, kuma likitoci da malaman jami'a ma sun faɗa wannan rami. Ku rubuta lambar bankinta da taka a takarda ku ajiye kusa da inda take zama, ku rage adadin da za a iya turawa daga asusunta a rana, ku sa mata lambar mataki na biyu a WhatsApp, ku kuma kunna tace kiran da ba a sani ba in wayarta na da shi. Sannan ku yi yarjejeniya cewa duk wanda ya kira da zancen kuɗi ko kamu, ko da muryarka ya zo, za ta ce “zan kira ka” ta ajiye, ta neme ka a lambar da ta sani.